Gaskiya Da Nishaɗi A Finafinan Yaƙi



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: idan mai shirya fim ya tashi nuna rayuwar soja, gaskiya zai bi, ko kuwa abin da zai ƙayatar da 'yan kallo? Dalilin tambayar shi ne, yawancin kwanakin soja ba a cikin ɓarin wuta suke ƙarewa ba. Jira ne, da tafiyar ƙasa, da sauro, da kewar gida. Wanda kuwa ya yanki tikitin silima ba jira ya zo kallo ba.

Mu ɗauki fim ɗin "The Bridge on the River Kwai" na David Lean, wanda ya fito a 1957, ya kuma ci lambobin Oscar 7. Labarinsa ya dogara ne kan hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 415 da Japanawa suka tilasta wa mutane ginawa tsakanin Tailan da Bama daga 1942 zuwa 1943. A fim ɗin, hafsan Ingilishi ya duƙufa wajen gina wa abokan gaba gada ingantacciya, daga ƙarshe 'yan kundumbala suka tarwatsa ta da nakiya. A zahiri jiragen sama ne suka ragargaza gadar a 1945. Hafsan da ya shugabanci fursunonin wurin, Philip Toosey, ceton ran mutanensa ya sa a gaba, shi ya sa tsofaffin fursunoni da dama suka ji haushin fim ɗin. Abin da ya fi ciwo, fursunonin yaƙi kimanin 12,000 suka mutu a wannan aiki, leburori 'yan Asiya kuwa kusan 90,000, amma fim ɗin bai ba leburorin nan wani matsayi ba.

Wannan magana ta shafe mu, domin dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasunsu ma da kaya a ka suka ratsa dazuzzukan Kaladan. Yaron da bai san wannan yaƙi ba sai ta silima zai ɗauka kakansa bai je ba.

Amma kada mu ce gaskiya da nishaɗi ba sa shan inuwa ɗaya. A 2006 Rachid Bouchareb ya fitar da "Indigènes", labarin sojojin Arewacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. Akwai artabu, akwai raha, akwai soyayya, amma bai ɓoye wariyar da aka nuna musu wajen abinci da hutu da ƙarin girma ba. A shekarar ce Shugaba Jacques Chirac ya ba da umarnin daidaita fanshon yaƙi na tsofaffin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka, wanda aka daskarar tun 1959.

Saboda haka ga ma'aunina. Mai fim yana da damar taƙaita shekara ta koma sa'a biyu, ko ya haɗa mutum biyar su zama ɗaya. Ba shi da damar mai da jarumi maci amana, ko share waɗanda suka mutu. Idan kun fito daga silima, ku tambayi kanku: wa aka nuna, wa aka bari a baya?