RUWAN ƘAZANTA DA HAKKIN ƘARAMAR HUKUMA



Zancenmu na yau a kan ruwan da ke fita daga gidajenmu ne, watau na wanka da wanki da na masai, da kuma hukumar da ya kamata ta san inda yake zuwa.

A shekarar 1988 aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko. Wannan ne ya farkar da Gwamnatin Tarayya, har ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, kana a 1992 ta yi doka mai lamba 86, wadda ta ce kada a soma wani babban aiki, kamar madatsar ruwa ko matatar mai, sai an binciki irin ɓarnar da zai jawo. Doka ce mai kyau, amma manyan ayyuka take dubawa. Ba ta san da magidancin da ya haƙa shadda dab da rijiyar maƙwabcinsa ba, alhali kuwa ta nan ciwo ya fi shigo mana. Annobar kwalara ta 2021 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, galibinsu a jihohin Arewa.

To, wa ke da hakkin wannan? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 aikin lambatu da bandakin jama'a da kwashe shara da ƙazanta. Kuma ba baƙon aiki ba ne. A zamanin En'e, duba-gari yakan shiga gida ya leƙa randa da rariya, wanda ya yi sakaci a ci shi tara. Illar wancan tsari ita ce an gina shi bisa tsoro, haka ma tsabtar ƙarshen wata da aka tilasta a 1985. Da mai bulala ya ba da baya, sai kowa ya koma gidan jiya.

Abin da muke kira gare shi shi ne a duba kafin a haƙa, domin ba kowace ƙasa ke karɓar kowane irin masai ba. Tankin siminti mai sokawe yana so a sami ruwan korawa da ƙasa mai tsotsewa. Ƙazanta ta kwanta a tanki, ruwan ya wuce ya nutse. A ƙasar yumɓu sai ya cika ya tumbatsa cikin lungu. Inda ruwa ya yi ƙaranci, masai mai bututun iska, wanda aka ƙago a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu cikin shekarun 1970, ya fi dacewa: wari ya bi bututu, ƙuda ya bi haske ya maƙale a ragar da ke bakinsa. Akwai kuma mai rami biyu, in ɗaya ya cika a rufe shi shekara ɗaya zuwa biyu, abin da ke ciki ya zama taki. A fadama, inda ruwa ke kusa, tilas a ɗaga ginin sama. Ruwan wanka kuwa, rami cike da tsakuwa ya ishe shi, maimakon a sake shi kwararo ya zama gidan sauro.

Ma'aikatan lafiya sun ba da shawara a bar tazarar kamar ƙafa 100 tsakanin masai da rijiya. Yaya mai fuloti ƙafa 50 zai yi? Ko ya tsare tasa rijiyar, ta maƙwabcinsa tana bayan katanga. Ashe ke nan magidanci shi kaɗai ba zai iya ba, sai hukumar da ke ganin gidajen duka biyu. Haka kuma sai ita ce za ta keɓe wa masu kwasar masai wurin zubarwa. In ba ta yi ba, kududdufi da rafi ne za su karɓa. Wanda ya san Jakara a Kano, da lambunan da ake bai wa ruwanta, ya san inda abin yake ƙarewa, watau cikin kwanon abincinmu.

Kada a ce ba zai yiwu ba. A 2022 aka shaida cewa dukkan ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa sun bar bahaya a fili. A 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka akwai ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

'Yan'uwa, da yawanmu a sakatariya za mu zauna gobe. Idan takardar gini ta zo teburinmu, mu tambayi inda rijiya take da inda ramin zai kasance kafin mu sa hannu. Idan mun je gida hutu, mu tambayi kansilanmu nawa aka ware wa sashen lafiya, duba-gari nawa ke gundumarmu, yaushe rabon a gan su. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Wassalamu alaikum.