Siyasar Amurka da Tsadar Inshorar Lafiya

Kwamitin shirya taro ya umarce ni in yi magana a kan siyasar Amurka. To, abin yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan fanni guda, wato yadda rigimar jam'iyyu da neman ƙuri'a suka hana wannan ƙasa mai ɗimbin arziki shawo kan tsadar magani.

Da farko, bari mu ga girman matsalar. A shekarar 2023 Amurkawa sun kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan kiwon lafiya, wato fiye da kashi 17 cikin ɗari na dukiyar da ƙasar ta samar a shekarar. Babu wata ƙasa a duniya da take kashe kwatankwacin wannan. Duk da haka, a wannan shekarar mutum wajen miliyan 26 ba su da inshorar lafiya. Ita inshora kamar adashe take: kowa yana zubi duk wata, wanda ciwo ya kama sai a biya masa kuɗin asibiti. A 2024 zubin magidanci da iyalinsa ta wurin aiki ya haura dala 25,000 a shekara. Wurin aikin ne ke biyan kaso mafi yawa, a yanki kimanin rubu'in zubin daga albashinsa.

Yaya aka yi lafiyar mutum ta rataya a wuyan aikinsa? Asalin abin tun Yaƙin Duniya na Biyu ne. Gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi don kada kaya su yi tsada, su kuwa sai suka shiga jawo ma'aikata da alkawarin biya musu inshora. A 1954 doka ta tabbatar da cewa ba za a ɗora haraji a kan wannan alheri ba. Tun daga nan, wanda ya rasa aiki yakan rasa likita tare da shi.

An sha yunƙurin gyara. A 1945 Shugaba Truman ya nemi a kafa inshora ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar likitoci ta yaƙe shi har maganar ta mutu. A 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu a kan shirin Medicare domin tsofaffi da Medicaid domin masu ƙaramin ƙarfi. A 1993 Shugaba Clinton ya kawo nasa tsarin, ya ruguje a majalisa, kuma a zaɓen 1994 jam'iyyarsa ta Dimokurat ta rasa Majalisar Wakilai, wadda ta yi shekara 40 tana riƙe da ita. A watan Maris na 2010 Shugaba Obama ya sami tasa dokar, wadda ake yi wa laƙabi da Obamacare, amma ko ɗan jam'iyyar Rifablikan ɗaya bai jefa mata ƙuri'a ba a zaman ƙarshe. Cikin watan Nuwamba jam'iyyarsa ta yi asarar kujeru 63 a Majalisar Wakilai. Da Rifablikan suka karɓi mulki, sai suka tashi soke dokar a 2017, ƙuri'a ɗaya ta hana su, bayan da Sanata John McCain, ɗan jam'iyyarsu, ya ƙi ba su goyon baya.

Jama'a, ku lura da abin da 'yan siyasa suka koya daga wannan tarihi: duk wanda ya taɓa maganar lafiya yana iya faɗuwa zaɓe, wanda kuwa ya tsaya gefe yana suka yana iya ci. Tsarin mulkin ma yana taimaka wa wannan hali. 'Yan Majalisar Wakilai su 435 duk bayan shekara biyu suke komawa neman ƙuri'a, don haka kullum cikin yaƙin neman zaɓe suke. A jihohi da yawa jam'iyyar da ke mulki ce take shata iyakokin mazaɓu yadda za ta ci ba gardama, saboda haka ɗan majalisa ya fi tsoron zaɓen fid da gwani na cikin gida, inda masu tsattsauran ra'ayi suke da ƙarfi, kuma sasantawa da abokan hamayya ta zama abin kunya. A Majalisar Dattawa kuwa, mai kujeru 100, yawancin dokoki ba sa wucewa sai an sami ƙuri'a 60 da za a rufe muhawara. Bugu da ƙari, kamfanonin magunguna da na inshora da asibitoci suna kashe maƙudan kuɗi wajen kamun ƙafa a majalisa.

Sakamakon haka shi ne gyaran faci. Ga misali na kusa. A 2021, lokacin annobar korona, majalisa ta ƙara tallafin da gwamnati ke bai wa masu sayen inshora da kansu, amma na ɗan lokaci. A 2022 aka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025. Da wa'adi ya matso, Dimokurat suka ce ba za su amince da kasafin kuɗi ba sai an sabunta tallafin, Rifablikan suka ce sai an buɗe gwamnati tukuna a yi magana. Aka rufe ma'aikatun tarayya daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, 2025, kwana 43 cur. Dubun dubatar ma'aikata suka zauna a gida ko suka yi aiki ba albashi, kuma mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da wata ɗaya ba albashi yake nufi a gidan mai iyali. Bayan duk wannan wahala, shekara ta ƙare ba a sabunta tallafin ba, zubi ya tashi a kan mutum sama da miliyan 20 da suka dogara da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Me ya shafe mu? A 1979 Nijeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko da majalisu biyu, wanda aka kwaikwayo daga Amurka, kuma a 2022 ta yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ɗan takarar da ya zo mana da alkawarin magani kyauta, mu tambaye shi daga ina kuɗin za su fito, shekara nawa shirin zai ɗore, kuma wace doka za ta kare shi bayan ya sauka. A cikinmu akwai likitoci da lauyoyi da jami'an gwamnati da za su iya yin waɗannan tambayoyi a madadin talakawan da ba su sami damar da muka samu ba.