Jawabi Kan Rashin Ganin Nesa a Tsakanin 'Yan Firamare

 Mu ma'aikatan lafiya na wannan ƙungiya muna godiya ga kwamiti da ya ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan idanun 'ya'yanmu.

Za mu fara da yaron da kowane malami a nan ya sani. Yana zaune a bencin baya. In an yi rubutu a allo sai ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, in ya gaji ya leƙa littafin na kusa da shi. Malami ya ce satar amsa yake yi, ya sha bulala. A gida yakan riƙe littafi kamar zai shige masa hanci. Ƙarshen zango ya zo na baya a aji, uba ya ce daƙiƙi ne. Sau da yawa ƙwaƙwalwar yaron nan lafiyarta ƙalau, allon ne ba ya gani. Kuma ba zai faɗa ba, don a zatonsa kowa ma dishi-dishi yake ganin abin da ke nesa.

Wannan shi ne rashin ganin nesa. Ba rashin hangen nesa muka ce ba, wancan ciwon manya ne, kuma ba a yanka masa tabarau. Ga yadda abin yake. Haske yakan shiga ta gaban ido ya haɗu daidai kan wani tantani a bayan ƙwayar ido, a nan hoto yake fitowa. Ƙwayar tana girma tare da yaro. In ta yi tsawo fiye da kima daga gaba zuwa baya, sai hasken ya haɗu kafin ya kai tantanin, abin da ke kusa ya fito ras, na nesa ya dushe. Ƙarin milimita ɗaya ya isa ya hana yaro karanta allo. Idon da ya yi tsawo ba ya komawa. Yaron da ya fara yana shekara shida yana da shekaru masu yawa da abin zai yi ta ƙaruwa, in kuwa ya yi tsanani, bayan ya girma yana cikin haɗarin yanar ido, hawan jinin ido, da ɓallewar tantanin nan, wanda kan kai ga makanta. Shi ya sa muke maganar firamare.

A da an ɗauka gado ne kawai. Gado yana da nasa rabo, gaskiya ne. Amma a biranen Sin, Taiwan, Singafo da Koriya ta Kudu, cikin matasa 100 masu gama sakandare, 80 zuwa 90 ba sa ganin nesa sai da tabarau. A birnin Seoul, wani bincike da aka buga a 2012 kan samari 'yan shekara 19 ya sami kashi 96.5 cikin 100. Kakanninsu ba haka suke ba, jini kuwa ba ya canzawa daga kaka zuwa jika. Abin da ya canza shi ne karatu: yaro ya shiga aji tun yana ƙarami, ya wuni a ɗaki, ya tashi ya wuce lesin, ya kwana kan aikin gida. A Birtaniya ma, a 2018, masana da suka bi bayanan dubban mutane sun tabbatar cewa yawan shekarun karatu ne ke jawo matsalar, kowace shekara tana ƙara kaɗan.

To, sai mu cire yaranmu daga makaranta? Allah ya kiyaye. Mu da ba mu da yawa a garuruwan da muke zaune, ilimi ne gadon da za mu bar musu. Kuma bincike bai ce haka ba. A 2008, Kathryn Rose da abokan aikinta sun kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara shida da bakwai a birane biyu. A Singafo, 29 cikin 100 suna da matsalar. A Sidni ta Ostireliya, 3 kacal. Abin mamaki, yaran Sidni sun fi karanta littattafai. Bambancin shi ne suna yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa awa 3. Ashe babban laifin makaranta shi ne kulle yaro a ɗaki. Hasken waje, ko a inuwar bishiya, ya ninka na cikin aji sau da yawa, kuma masana suna ganin hasken ne ke sa ido ya fitar da wani sinadari da ke rage masa saurin yin tsawo. Duban abu kusa-kusa na tsawon lokaci shi ma yana da hannu, amma hujjar haske ta fi ƙarfi.

An gwada, an gani. A birnin Guangzhou an ƙara wa wasu makarantun firamare minti 40 na fita waje kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, kamar yadda aka buga a 2015, sababbin masu matsalar sun kai kusan 30 cikin 100 a waɗannan makarantu, a sauran kuwa kusan 40. Taiwan ta fara shirin minti 120 a waje kowace rana a 2010, adadin da ya daɗe yana hawa ya juyo ƙasa. Da korona ta kulle yara a gida a 2020, a garin Feicheng na Sin, 'yan shekara shida masu matsalar suka haura 21 cikin 100, alhali a shekarun baya ba su kai 6 ba. A 2021 gwamnatin Sin ta hana ba 'yan aji ɗaya da biyu aikin gida na rubutu, ta kuma taƙaita lesin na kuɗi.

Mu a Afirka ba mu kai can ba. Binciken da aka tattara ya nuna kimanin 5 cikin yara 100. Amma iyaye, ku dubi hanyar da muka ɗauka. Mu da muka yi firamare muna zuwa makaranta a ƙasa, mu fita tara mu yi langa da 'yar gala-gala, da yamma mu bi awaki. Yau ana kai yaro nazare bai cika shekara uku ba. An tashi ƙarfe biyu, lesin har huɗu, Asabar lesin, hutu ma lesin. Wasu makarantun gidajen haya ne, babu filin da yaro zai miƙe ƙafa. Ya dawo gida a miƙa masa waya don ya yi shiru. Rashin tsaro ma ya sa da yawanmu muna tsoron barin yara su fita, kuma ba mu ga laifin kowa a kan wannan ba. Sai dai da yawa cikin makarantun nan na ikilisiyoyinmu ne, kuma dattawan da ke zaune a nan su ne a kwamitocinsu. Gyaran yana hannunku.

Roƙonmu shi ne yaro ya sami awa biyu a waje kowace rana, in an haɗa na makaranta da na gida. Kada hedimasta ya cinye lokacin tara don a gama manhaja, kada kuma a hukunta yaro da hana shi fita. Ba sai a tsakar rana ba, gindin mangwaro ko darbejiya cikin harabar makaranta ya wadatar, ana ma iya yin darasi a can. A buɗe tagogi. 'Yan nazare kuma a bar su da aikin gida haka nan.

Wanda ya riga ya kamu, wasa a waje ba zai warkar da shi ba, tabarau yake bukata. Mun sha jin iyaye suna cewa tabarau yana ƙara kashe ido, ko yarinya ta yi ƙanƙanta da shi. Ba haka ba ne. Lambar tana ƙaruwa ne don idon yana girma, da tabarau ko babu. A ƙauyukan yammacin Sin, a binciken da aka buga a 2014, yaran da aka ba tabarau kyauta sun fi 'yan'uwansu cin lissafi. Kada a saya a bakin hanya. Wanda ake tallansa a kasuwa na karatun tsofaffi ne, aikinsa kishiyar abin da yaron yake bukata. Kada kuma a ɗiga masa ruwan ganye ko wani haɗi. A kai shi wurin mai awon ido, a babban asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a kuma sake aunawa kowace shekara.

Gwajin farko ba ya cin kuɗi. Takarda ce mai harafin E manya da ƙanana, a manna ta a bango, yaro ya tsaya nesa da mita shida, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Mun zo da takardun. Malamai da shugabannin Zumuntar Mata su dakata bayan an tashi, za mu nuna musu yadda ake yi, kowace makaranta ta tafi da guda.