Tarin Tsohon Soja da Hakkin da ke Wuyanmu



Mu da muka fito daga Daudawa da kewayenta, watau ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba baƙin ƙura ba ne. Tun zamanin Turawa aka san garinmu da gonar irin auduga, kuma da yawa daga iyayenmu sun yi aikin kaka a gidan gurza na Funtuwa, suka komo gida da tari da nauyin ƙirji. Ƙurar auduga dai ana ganinta, har a kaɗe ta daga riga. Wadda za mu yi magana a kanta yau ido ba ya ganinta, kuma takan yi shekaru da dama a cikin huhu kafin ta nuna kanta. Ita ce ƙurar asbesto. Waɗanda muka zo yi wa kuka kuwa su ne 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin da ke zaune a ƙauyukanmu.

Shi asbesto wani irin dutse ne mai zare-zare, wanda wuta ba ta cinsa, zafi kuma ba ya ratsa shi da sauƙi. Saboda haka aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin rufin ɗaki da silin da bututun ruwa, ana sa shi cikin birkin mota da kulocinta, ana kuma naɗe injunan jiragen ruwa da shi. A ƙasar nan an yi masana'antunsa a Ikko da Inugu da Safele da Kano da Bauci, aka rufe makarantu da asibitoci da barikoki masu yawa da shi. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma sa'ad da aka yanka shi, ko aka huda, ko ya tsufa ya rugurguje aka share, sai zarensa ya tashi cikin iska. In ya shiga huhu ba ya fita. Yakan bar tabo har huhun ya ƙage, numfashi ya gagara, ko ya haifar da ciwon daji a huhu ko a tantanin da ya lulluɓe shi. Tun 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka nuna dangantakarsa da ciwon dajin tantanin nan. Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Abin lura shi ne, tsakanin shaƙa da bayyanar ciwo akan sami shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye.

To, ina ruwan soja da wannan? Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum 10,000 ba, amma da aka gama yaƙin ya kai wajen 250,000, kuma samarin ƙauyukanmu na cikinsu. Ba dukansu ne suka ƙare aiki da bindiga a hannu ba. Wani makanike ya zama, yana hure ƙurar birki da bakinsa. Wani an sa shi gini da gyaran bariki. Wani yana ɗakin injin jirgin ruwa. Lebura in ya ga aiki zai cuce shi yana iya ajiye shebur ya tafi, amma kurtu ba shi da ikon ƙin umurni.

Yanzu wannan saurayi ya haura shekara 70. Ya komo gona tun tuni, sai ga shi ba ya iya kai ƙarshen kunya ɗaya sai ya tsaya yana haki. Ya je asibiti, aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata 6, tari bai tafi ba. Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba kowane tari ne na asbesto ba, tarin fuka gaskiya ne, taba ma tana yin nata ɓarnar. Kukanmu shi ne, sau da yawa ba a yi wa tsohon tambayar da za ta raba gardama, watau wane aiki ya yi a soja, a ina, kuma shekara nawa.

Mu duba doka. A 2010 aka kafa dokar biyan diyya ga ma'aikatan da suka sami rauni ko ciwo a bakin aiki, amma dokar ta cire sojoji daga cikinta. Al'amarinsu yana bin dokokin fansho na soja ne, ta hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja. A ko'ina kuwa aka san biyan irin wannan diyya, abu uku akan nema: shaidar irin aikin da mutum ya yi, da shaidar likita a kan ciwon, da bayanin da ya haɗa biyun. Raunin harsashi yana da tabo, yana da rana, yana da shaidu. Ciwon da ya ɓullo shekara 30 bayan sallama ba shi da ko ɗaya, sai in an rubuta. Tsohon da gara ta cinye takardar sallamarsa, ko ta ƙone ran da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu, da me zai kafa hujja?

Kada kuma mu zaci hukumomi na biyan irin wannan bashi don kansu. A Ingila, sai a 1987 aka ba soja damar kai gwamnati ƙara a kan raunin aiki, kuma ba a waiwayi abin da ya faru kafin nan ba. Saboda haka farar hula ya sami diyyar asbesto mai tsoka, mayaƙin ruwa kuwa ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da ƙungiyar 'yan mazan jiyansu ta matsa, sa'an nan a 2016 aka fara ba masu ciwon dajin tantanin huhu fam 140,000 a dunƙule. Faransa kuma a 1959 ta daskarar da fanshon sojojinta na Afirka, ciki har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, aka ba shi gaskiya a 2001, alhali ya rasu tun 1996. Ba a daidaita fanshon sosai ba sai 2011. Darasin a fili yake. Jinkiri riba ne ga wanda ake bi bashi, domin mai ciwon huhu ba ya iya dogon jira.

Me ya rage namu? Na farko, ku ɗaliban likitanci da aikin jinya, ku mai da tambayar tarihin aiki al'adarku, ku rubuta amsar a kati, ku nemi hoton ƙirji in tari ya ƙi jin magani. Na biyu, ku da za ku zauna kujerun ofis, ku sani fayil ɗin da ke gabanku numfashin wani ne. Ranar da kuka ce a dawo gobe, watakila tsohon ya sayar da akuya ne ya yi kuɗin mota. Na uku, mu duka, in mun je hutu, mu zauna da 'yan mazan jiyan unguwarmu, mu rubuta lambarsu ta soja, da rundunarsu, da barikokin da suka zauna, da aikin da suka yi. Mu ɗauki hoton takardunsu, mu kai kwafe ofishin ƙungiyarsu, wadda doka ta kafa tun 1964. Ɗaliban shari'a kuma su taimaka da rubuta takardun koke, su matsa a sa ciwon da ke jinkirin bayyana cikin abin da ake biya wa diyya.

Wannan magana ba ta tsaya ga tsofaffi ba. A 2020 aka kafa babban sansanin soja a Faskari saboda 'yan bindiga, kuma samarin da aka turo mana sa'o'inmu ne. Abin da suka shaƙa cikin tsofaffin gine-gine da garejin motoci, in ba a rubuta shi yanzu ba, ba za su sami hujja ba ran da suka tsufa. Tun ran gini ran zane.

Kowace 15 ga Janairu akan yi fareti, a ajiye furanni, a saki tattabaru don tunawa da waɗanda suka kwanta dama. Wannan daidai ne. Amma masu rai su ma suna bin mu bashi, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ƙasa ta ci ƙuruciyar mutanen nan, lalle ta ɗauki nauyin tsufansu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon sauke hakki.