Majalisar Auna Zance: Abin da Muke Gwadawa a Zuru

An nemi in yi bayani a kan wata 'yar majalisa da muke yi a Zuru in an yi hutu.

Kowa a nan ya taɓa shiga muhawarar makaranta, ko ya kalla. A kan raba ɗalibai gida biyu, waɗannan su goyi bayan noma, waɗancan kasuwanci, wanda ya fi baki ya ɗauki kofi. Ba mu taɓa jin wanda ya tsaya ana cikin yi ya ce abokin hamayyarsa ya fi shi gaskiya ba. In ya faɗa kuwa, ya kā da ajinsu. Watau tun muna ƙanana aka hore mu ga kare magana, auna ta kuwa sai aka bar wa kowa ya yi ta kansa.

To, akwai waɗansu mutane, yawancinsu a Amurka da Ingila, ɗalibai da masana lissafi da ma'aikatan kwamfuta, da suka ɗauki auna magana da muhimmanci ƙwarai. Ta intanet suke tattaunawa, ta nan na san su, amma su kan shirya zama ido da ido a garuruwansu. Tushen hanyarsu ɗaya ne: in ka ce abu zai faru, faɗi yawan tabbacinka da adadi, a rubuta, a jira rana. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Philip Tetlock, ya yi shekara wajen 20 yana tara hasashen masana siyasa da tattalin arziki su 284, ya fid da sakamakon a littafi cikin 2005. Ya tarar hasashen yawancinsu bai fi kintace da wani abin kirki ba, kuma waɗanda suka fi cika baki su suka fi shan ƙasa.

Kada wani ya ce zaman binciken zance baƙon abu ne a ƙasarmu. A 1943 aka kafa majalisar taɗi a Bauci, inda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama da ma'aikatan En'e har da Turawa, ana jefa tambaya a kan mulki. Da tambayoyi suka yi zafi, suka taɓo yadda Turawa ke mulki ta hannun sarakuna, sai aka rufe ta. Su ne iyayen gidanmu a wannan fage. Abin da muka ƙara kawai shi ne kundi.

Kundin nan littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, shi ne kuwa ran majalisar. A kowane zama sakatare ya kan karanta tambayoyi 5, duk waɗanda lokaci zai warware. Shin za a yi ruwan shuka a Zuru kafin ƙarshen Afrilu? Shin mudun dawa zai haura farashin yau nan da wata 2? Kowa ya rubuta amsarsa a 'yar takarda, kashi kaza cikin 100, ya naɗe, kafin a buɗe baki. Wannan naɗewa tana da dalili. A wurinmu yaro ba ya musa wa babba a fili, in kuwa mai furfura ko mai digiri ya fara magana, sauran sai su bi yarima su sha kiɗa. Takarda ba ta san shekarun kowa ba. In lokaci ya cika a buɗe kundi. Mutumin da ya ce kashi 70 cikin 100 a tambayoyi 10, ya kamata wajen 7 su tabbata. In 4 kaɗai suka tabbata, to bakinsa ya fi saninsa, kuma ga shi a rubuce, ba sai wani ya gaya masa ba. Ku tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 cur. Kowane mako sai an sami mai rantsuwa cewa mako mai zuwa za a koma. Da an rubuta musu, da yanzu mun san wa za mu daina saurara.

Shirya zaman ya fi auna zancen wuya. Zuru gari ne na Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya, saboda haka Juma'a da Lahadi ba namu ba ne. Asabar muke zama bayan la'asar, a tashi kafin magariba don 'yan'uwanmu mata su koma gida da haske. Da damina kuwa gona ta fi mu iko da mutane. Da Hausa ake magana, zama ita ta haɗa Dakarkari, watau Lelna, da Fakkawa da Fulani da sauran jama'a. Wanda zance ya fi zauna masa da C'lela ya yi, a fassara. Addini da jam'iyya mun bar su a bakin ƙofa, don kundi ba ya iya raba gardamarsu. Ba a fi mutum 12 a zama ɗaya, in an fi sai lacca ta ci majalisa.

Wani zai ce wannan wasan 'yan boko ne. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Har masu ilimi suka yi, aka kwantar da waɗansu a asibiti, aka rasa rayuka. Mu kuwa a ƙasar Zuru, tun da 'yan bindiga suka addabi Danko-Wasagu da Sakaba, ji-ta-ji-ta ta zama abincin yau da kullum. Saƙon murya ya iso cewa ga su nan tafe, ba a san mai shi ba, ba a san ranar da aka ɗauka ba. Tambaya 3 muke koya wa juna: wa ya gani da idonsa, yaushe, kuma sau nawa wannan majiya ta faɗa ya tabbata? Amma fa ku lura, aunawa ba ta nufin a zauna. In tabbacin hari kashi 20 ne cikin 100, lalle mai hankali ya kwashe iyalinsa, don asarar kwana ɗaya a gidan dangi ba ta kama ƙafar asarar rai ba. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya tura saƙon ga mutum 200, ya ƙara da cewa wai tabbas ne.

Abokanmu na ƙetare, in faɗi gaskiya, hankalinsu ya fi karkata ga haɗarin na'urori masu ƙwaƙwalwa, har wani lokaci mutum ya rasa inda zai sa maganar farashin taki. Hanyarsu muka ara, tambayoyin namu ne. Ku kuma da za ku zama ma'aikatan gwamnati, gobe ku za ku rubuta wa na sama cewa aiki kaza zai ƙare a wata 6; babu wanda ya hana ku ajiye kundi a aljihun tebur.

Mai son kafa irinta a garinsu, inuwar itace da tabarma da littafi ɗaya sun isa, sai sakatare wanda ba ya fashi. Tambayoyin hutu mai zuwa suna wurina, mai so ya same ni bayan an tashi ya rubuta adadinsa.