Daga Rage Ƙiba Zuwa Gina Tsoka: Yadda Ake Sake Awon Abinci

Jawabin da aka yi wa ɗalibai da matasan ma'aikata a Na'ibawa, Kano



An nemi in yi magana bisa wata matsala wadda ta fara damun samarin zamanin nan. Mutum ya ga teɓa ta fito masa, ya ɗaura ɗamarar rage ƙiba, ya yi wata huɗu ko shida yana tauye cikinsa har riguna su yi masa yawa. Da ya kai inda yake so, sai sha'awar ƙirar jiki ta taso, yana son damtse da faffaɗan ƙirji. Abokai su ce masa, "Ai sai ka ci, tsoka ba ta fitowa da yunwa." Shi ke nan ya saki ciki. Kafin wata uku teɓar ta komo har da riba, damtsen kuwa shiru. Abin da nake so in nuna yau shi ne, tsakanin rage ƙiba da gina tsoka akwai zango wanda ya wajaba a yada, kuma ƙarin abincin da ake bukata bayan zangon ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Bari mu fara da ma'auni. Kalori shi ne awon ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Giram ɗaya na sitaci, wanda ake samu a cikin tuwo da shinkafa da doya, yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, watau sinadarin da ke gina nama, shi ma 4. Giram ɗaya na mai kuwa 9 ne cur. Idan abin da mutum ya ci ya yi daidai da abin da jikinsa ya ƙona, nauyinsa zai tsaya. In ya gaza ya rame, in ya zarce ya ƙaru. Amma fa abin da jiki ke ƙonawa ya danganta da aikin mutum. Akawun da ke wuni bisa kujera a Sakatariyar Audu Bako, mai nauyin kilo 70, wanda ke motsa jiki sau uku a mako, wajen kalori 2,400 ne ke riƙe shi a rana. Ɗan dakon da ke sauke lodi a 'Yan Lemo ko 'Yan Katako nan Na'ibawa, da wanda ke wuni a tsaye yana jan fata a majemun Challawa, suna iya haura 3,000. Saboda haka kada wani ya ari awon wani.

To, me ya sa wanda ya gama rage ƙiba ya fi kowa saurin tara kitse? An daɗe da samun amsar. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ansel Kis ya tara samari 36 waɗanda suka yarda a gwada yunwa a kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida, suka zubar da misalin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu. Sai aka ga jikinsu ya shiga tsimi, ƙarfin da yake ƙonawa a hutawa ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, hankalinsu kuma ya koma kan abinci dare da rana. Da aka sakar musu akushi, kitse ne ya riga tsoka komowa, har ya wuce yadda yake tun farko. Ragewar da ɗayanmu ke yi ba ta kai wannan tsanani ba, amma halin jiki ɗaya ne: ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa, ga kuma yunwa tana jiran ramuwa.

Mataki na farko ke nan, yada zango. Mu ɗauki akawun nan namu, mu ce ya sauko zuwa kilo 70 yana cin kalori 1,900. Sai ya riƙa daɗa 150 ko 200 kowane mako har ya kai 2,400 cikin mako uku. Babu wani asiri a cikin wannan hawa na sannu-sannu illa ya koya wa hannu tsayawa. Sa'an nan ya zauna a nan mako biyu zuwa huɗu yana hawa sikeli da safe kafin karin kumallo, sau uku a mako, yana rubutawa. A makon farko zai ga kilo ɗaya ya ƙaru, kada hankalinsa ya tashi. Tsoka da hanta suna da rumbun sukari wanda yunwa ta kwashe, kuma kowane giram da ya koma rumbun yana tafiya da wajen giram 3 na ruwa. Idan bayan wannan sikeli ya tsaya cak, to ya gano awonsa na gaskiya, wanda ya fi duk wani lissafin littafi.

Mataki na biyu shi ne ƙarin. Ku dubi mai gini. Bulo shi ne furotin, ladan leburori shi ne kalori, magini kuwa shi ne ɗaga ƙarfe. Magini yana da iyakar bulon da zai iya jerawa a rana. In ka juye masa tirela goma, sauran a ƙofar gida za su taru su tare hanya. Haka tsoka take, a hankali ake jera ta, abin da ya yi saura kuwa a tumbi ake jibge shi. Don haka ƙarin kalori 250 zuwa 300 a rana ya wadatar, watau akawunmu ya koma 2,700. Nawa ne 300 ɗin a faranti? Tafin gyaɗa guda, misalin giram 35, da ayaba ɗaya ta 'Yan Lemo. Iyakarta ke nan. Ku lura kuma, kwalba biyu ta lemon kwalba ita ma wajen 300 ce, haka cokalin cin abinci biyu da rabi na man gyaɗa a kan shinkafa da wake. Mutum yana iya cinye ƙarinsa ninki biyu bai ko san ya ci ba.

Game da bulon kansa, a 2018 masana a Jami'ar Makmasta ta Kanada sun tattara sakamakon bincike 49, suka ga amfanin furotin wajen gina tsoka yana ƙaruwa har zuwa misalin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, daga nan ribar ta yi ƙaranci. Mai kilo 70 yana bukatar giram 112. Wannan ba ya bukatar garin gwangwani mai tsada wanda ake shigowa da shi daga waje, domin tukunyar gidanmu tana da shi. Ƙwai uku, giram 18. Ɗanyen wake giram 100, wanda bai cika gwangwanin madara ba, a dafa ko a yi alala ko ɗanwake ko ƙosai, wajen 23. Tsire ko kifi giram 100, wajen 25. Nono ko kindirmo rabin lita, 16. Gyaɗa giram 50, 12. Tuwo da fura da kokon da aka saba su kawo wajen 20. Ku haɗa, an kai. Ranar da aljihu bai kai ga nama ba, awara da ƙuli-ƙuli su tsaya a madadinsa. Birnin da aka sani da dalar gyaɗa bai kamata 'ya'yansa su yi kukan rashin furotin ba. Sai dai a rarraba shi sau uku ko huɗu a wuni, kuma a tuna ƙosai da awara suna shan mai a kasko, a sa wannan cikin lissafi.

Duk wannan ƙari banza ne in babu magini. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mai son gini ya yi uku, ya taɓa ƙafa da baya da ƙirji da kafaɗa, yana daɗa nauyi ko yawan ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ƙarfen gidan motsa jiki da gwangwanin siminti da aka soke da bututu duk ɗaya ne a wurin tsoka. Barci kuma awa 7 ko fiye, domin a nan ake ɗinke abin da aiki ya yaga. Masu aikin dare a masana'antun Sharaɗa da Bompai su fi kowa kula da wannan, su kuma yawaita shan ruwa lokacin bazara.

Mataki na uku, bincike. Nauyi ya hau giram 200 zuwa 350 a mako, watau wajen kilo ɗaya a wata. In ya wuce haka, a rage 150. In mako uku suka wuce bai motsa ba, a daɗa 150. Bayan sikeli, a nemi awon tela a auna ƙugu daidai cibiya: kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Wanda ƙugunsa bai sauko nan ba tukuna, ya zauna a zango yana ɗaga ƙarfe ba tare da ƙari ba, domin sabon shiga yana samun tsoka ko a haka. Kitsen ciki ba abin wasa ba ne, shi ne ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Akwai gargaɗi ɗaya, ga maza da mata baki ɗaya. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa akwai maganin dekzametason a cikinsu. Yana kumbura fuska da ciki, yana tara ruwa, yana hawar da sukarin jini, sa'an nan yana cinye tsokar da ake nema. Allurar kumbura damtse kuwa tana lahanta hanta da zuciya, tana kuma rage ƙwayoyin haihuwar namiji. Kada garin neman gira a rasa ido. Mai ciwon ƙoda ko sukari, da mai juna biyu, su ga likita kafin su sake awon abincinsu.

'Yan'uwa, wanda ya iya tauye cikinsa wata shida lalle zai iya haƙurin shekara guda yana daɗa tafin gyaɗa da ayaba. A yada zango, a ƙara kaɗan, a ɗaga ƙarfe, a auna a rubuta. Sannu ba ta hana zuwa.