Sutura Da Daraja: Me Za Mu Bar Wa Na Baya?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Hausawa ba baƙin ado ba ne. Tun kafin zuwan Turawa ana gane matsayin mutum daga rigarsa: aska takwas ko aska biyu, saƙi ko tsamiya, rawani ɗan Kura da alkyabba. Sai dai waɗannan tufafi aikin hannun mutanenmu ne. Manomi ya noma auduga, mace ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, maɗinki ya yi wata da watanni yana zuba aiki. Riga ɗaya takan ciyar da gida biyar.

Ƙasarmu ta ci wannan moriya har a zamanin da ya biyo baya. Layin dogo da ya iso Gusau ya mai da ita babbar kasuwar auduga da gyaɗa, daga baya aka kafa masaƙar Zamfara Textile, wadda ta ɗauki 'ya'yan Gusau, Tsafe da Bunguɗu aiki. Wannan masaƙa ta daɗe da yin shiru, kamar yadda masaƙun Kaduna suka yi.

Yau me muke sawa? Shaddar Getzner daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya take zuwa, daga kamfanin da aka kafa tun 1818. Atamfa 'yar Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda ke Helmond tun 1846. Ga leshin Suwizalan, ga agogon Rolex, ga jakar Gucci da Louis Vuitton da ake saro wa daga Dubai. Da kuɗin waje ake shigo da su duka, shi ya sa tun faɗuwar darajar naira a 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Yadi goma na shadda mai daraja ya haura mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na N70,000 da aka amince da shi a 2024.

Ba ina cewa sa tufafi masu kyau laifi ba ne. Wanda Allah ya hore wa ya sa, ya gode. Abin dubawa shi ne yadda sutura ta zama ma'aunin mutum. Mu mazauna birni mu ne ke kai wannan ma'auni gida ranar salla da ranar biki. Sai ƙanenmu ya kasa aure saboda lefe, uwar amarya ta sayar da akuyarta don anko, matashi ya ci bashi ya sayi jabun agogo don kada a raina shi. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Kuma duk wannan a daidai lokacin da 'yan bindiga suka hana dangoginmu da yawa noma, wasu ma suka bar ƙauyukansu.

Ya ku 'yan'uwa, da me 'Yandoto ta yi suna? Da ilimi ta yi, har ɗalibai ke zuwa daga nesa neman karatu a wurin malamanta kafin a ci garin da yaƙi a farkon shekarun jihadi. Daga nan Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi ya kafa Gusau, sarautar Tsafe kuma har gobe da sunan 'Yandoto ake kiranta. Shehu Abdullahi na Gwandu ma, a littafinsa Tazyinul Waraƙat, ya koka da yadda wasu mutanen zamaninsa suka karkata ga tara tufafin alfarma da dawaki. Ashe cutar tsohuwa ce, tufafin ne kawai suka sake suna.

Saboda haka ina roƙon wannan taro ya duba shawarwari uku. Na farko, mu daina tilasta anko mai tsada a bukukuwanmu, mu kuma nemi iyayenmu sarakuna da malamai su sa baki a rage nauyin lefe. Na biyu, mu riƙa kawo ɗinkinmu gida, ga telolinmu da masu ɗinkin hula da aikin hannu, domin kuɗin ya zauna cikin jama'armu. Na uku, duk mai hali ya haƙura da ɗinki ɗaya a shekara, ya zuba kuɗinsa a asusun karatun marayu da 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da gidajensu.

Shadda komai ƙyallinta wanki kaɗan ke kashe ta. Yaron da aka ilimantar kuwa shi zai riƙe gidan bayan ba mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.